Shin tsayin dutse ne ya hana Mambila ba da wuta, ko wani abu daban?

Ɗan_Gembu: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga masu ilimin wutar lantarki. Tun ina firamare nake jin za a gina tashar wuta ta ruwa a nan tsaunin Mambila, yanzu ɗana na fari yana sakandare, har yau da janareta da sola muke ganin haske. Duk wanda ka tambaya sai ya ce ai wurin ne da wuya, dutse ne, ba hanya, ga sanyi ga hazo. To amma na karanta cewa a Suwizalan an kammala madatsar Grande Dixence tun 1961, tsayin bangonta mita 285, kuma samanta yana sama da mita 2,300 daga teku, wurin da dusar ƙanƙara ke rufe komai rabin shekara. Namu tsaunin bai wuce mita 1,600 ba a yawancin wurare. Idan sun iya a wancan zamani, ba kwamfuta ba manyan injinan yau, me ya gagare mu? Da gaske dutsen ne matsalar?

Injiniya_Bashir: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tsayin nan da ake kuka da shi, shi ne arzikin wurin. Wutar da ruwa ke bayarwa abu biyu ke kawo ta: yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa, da nisan da yake faɗowa kafin ya bugi injin. Ruwa lita 1,000 a daƙiƙa ɗaya, in ya faɗo daga mita 100, zai ba ka kusan megawat ɗaya. Ruwan nan dai in ya faɗo daga mita 1,000, ka samu kusan goma. Shi ya sa a Kainji sai da aka tare kogin Kwara gaba ɗaya, aka tashi garuruwa, kafin a samu megawat 760, domin faɗuwar ruwan 'yar kaɗan ce. A kan dutse kuwa ƙaramin kogi ya ishe ka. Tashar Bieudron da ke shan ruwan Grande Dixence ɗin da ka ambata, ruwanta yana gangarowa mita 1,883, tana ba da megawat 1,269 da injina uku kacal. Tsarin Mambila ma haka yake: a tara ruwan Donga da rassansa a sama, a zura shi cikin rami ya faɗo wajen mita 1,000 zuwa ɗakin injina da za a fafe a cikin dutse.

Sani_Kofar_Mata: To ai shi ke nan. Injiniya ya ba da amsa. Ba dutse ba ne, mu ne.

Injiniya_Bashir: Malam Sani, dakata, ban ce aikin yana da sauƙi ba. Na ce yana da riba. Magana biyu ce.

Maman_Ilham: Ni dai tambayata, ba Mambila ɗin ba ce aka ce an gama, har ana kai wuta Takum da Wukari? Ko na ji ba daidai ba?

Ɗan_Gembu: A'a Hajiya, waccan Kashimbila ce. Ita ma a Taraba take, amma a ƙasa, kan kogin Katsina-Ala, kuma megawat 40 ce. Asalin dalilin gina ta ma tsoron tafkin Nyos na Kamaru ne, kada bakinsa ya fashe ruwan ya kwararo ya cinye garuruwan Binuwai. Tamu ta Mambila megawat 3,050 aka yi alkawari.

Baba_Audu_Bukuru: Yara, ku ba dattijo dama ya sa baki. Kafin ku tafi Turai neman misali, ku zo Filato. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, leburan kuza ne, kuma daga bakinsa na fara jin sunan Kurra da Kwall. Turawan haƙar kuza sun sa injin wuta a gangaren ruwan Kwall tun 1923, sannan aka kafa kamfanin NESCO a 1929 ya gina ta Kurra. Me suka gani? Abin da Injiniya ya faɗa ne: a bakin tsaunin Jos ruwa yana zubowa daga sama zuwa ƙasa, ƙaramin rafi sai ya juya injin. Lokacin da muke yara a Bukuru wuta ba ta ɗaukewa sai da dalili, kuma in za a ɗauke a kan sanar. Baba ya ce da diga da shebur da kwando a ka aka haƙa magudanan ruwan nan, mutane suna jere kamar tururuwa. Ba su da babban inji ko ɗaya irin na yau. Abin da suke da shi, sun san me za su yi da wutar washegari, domin injinan wanke kuza suna jiran ta. Wanda ya zuba kuɗin shi ne mai buƙatar wutar, saboda haka ba ya barin aikin ya kwana.

Ɗan_Gembu: Allah ya ƙara lafiya Baba. Wannan maganar ta ƙarshe ta tsaya mini a rai. Mu ma a Kakara, inda ake noman ganyen shayi, akwai 'yar ƙaramar tasha a madatsar Tunga da ke ba masana'antar shayin wuta. Ita an gama ta, tana aiki.

Hafsat_Tarihi: Ina so in ja hankalinmu kan wani abu, domin na ga muna yabon aikin mutanen da kamar kyauta suka same shi. Wancan zamanin da rayukan talakawa aka biya. A Kaprun ta ƙasar Ostiriya, an fara aikin madatsar wuta a 1938 ƙarƙashin mulkin Nazi, da fursunonin yaƙi da mutanen da aka kamo aka tilasta wa aiki, cikin sanyin da ke kashe mutum a tsaye. Sai bayan yaƙi aka ƙarasa shi a 1955 da tallafin Amurka. A Suwizalan ɗin da Ɗan_Gembu ya ambata, ranar 30 ga Agusta 1965, wani ɓangare na ƙanƙarar dutsen Allalin ya ɓallo ya danne ɗakunan kwanan ma'aikata a wurin gina madatsar Mattmark. Mutum 88 suka mutu, 56 daga cikinsu 'yan ci-rani ne daga Italiya. An kafa ɗakunan ne daidai ƙarƙashin ƙanƙarar. An gurfanar da mutum 17 a kotu, aka sallame su duka a 1972. Ku duba irin mutanen da suka mutu: talakawan ƙauye ne da suka bar iyali suka je neman abin kai wa baki, kamar yadda namu ke tafiya Legas ko Libiya.

Sani_Kofar_Mata: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban taɓa jin wannan ba.

Hafsat_Tarihi: Akwai wanda ya fi shi muni, Malam Sani. Vajont, a arewacin Italiya, daren 9 ga Oktoba 1963. Madatsar tana da tsayin mita 262, ginin ƙwarai ne, har yau tana nan tsaye. Wani babban ɓangare na dutsen Toc da ke gefen tafkin ne ya zame lokaci guda ya faɗa cikin ruwan. Ruwan ya tsallake saman bangon ya sauka kan garin Longarone mutane suna gida. Kusan mutum 2,000 suka tafi cikin 'yan mintoci. Abin da ya fi ci mini rai, mutanen ƙauyukan sun daɗe suna cewa ƙasa tana tsagewa, bishiyoyi suna karkacewa. Wata 'yar jarida, Tina Merlin, ta rubuta gargaɗi, aka kai ta kotu da sunan tana tada hankalin jama'a. Kotu ta wanke ta, amma aka ci gaba da cika tafkin.

Injiniya_Bashir: Malama Hafsat ta taɓo inda ke yi wa duk injiniyan madatsa ƙaiƙayi. Bayan Vajont ne aka koyi cewa ba bango kaɗai ake bincike ba, har duwatsun da ke kewaye da tafkin. In ruwa ya jiƙa gindin gangare, ya shiga tsakanin shimfiɗun dutse inda akwai yumɓu, sai ya zama kamar an shafa wa dutsen mai. Shi ya sa yau ake shekaru ana huda ƙasa ana zaro samfur kafin a zuba siminti buhu ɗaya. Wani ɓangare na jinkirin aikin zamani daga nan yake, kuma jinkiri ne mai kyau. Amma kada a fake da shi, binciken ƙasa ba ya cin shekara arba'in.

Usman_Direba: Ni direban babbar mota ne, na yi shekara tara ina hawa Mambila da kaya. Duk wanda ya ce dutsen ba matsala ba ne, ya zo in ɗauke shi daga Serti. In ka wuce Mayo Selbe ka fara hawa zuwa Maisamari, kwana ce bayan kwana, gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya rami. Da buhunan siminti ɗari shida ma sai ka riƙa karanta duk addu'ar da ka sani. Da damina ƙasa kan zubo ta rufe hanya, na taɓa kwana biyu a wuri ɗaya ina jiran a share. To ku gaya mini ta ina za a bi da taransifoma mai nauyin tan ɗari ko fiye? Sai an fara yin hanya sabuwa, da gadoji masu ɗaukar nauyi. Wannan kaɗai aiki ne na shekaru.

Ɗan_Gembu: Gaskiya ne Malam Usman, hanyarmu sai wanda ya gani. Amma su can Turai yaya suka yi da nasu kayan?

Nura_Zurich: Bari in amsa wannan, domin ina karatu a nan Suwizalan kuma na je Grande Dixence da bazarar bara. Gani ya kori ji. In ka tsaya a gindin bangon ka ɗaga kai sai hularka ta faɗi. Kankaren da ke jikinsa ya kai kubik mita miliyan 6. Ba da mota suka kai siminti ba, igiyar ƙarfe suka ja a sama daga kwarin da jirgin ƙasa ke tsayawa, bokitai suna tafiya a jere dare da rana. Tsakuwa kuma a can saman dutsen suka fasa ta, bel yana gangaro da ita. Kankare ba ya kamawa cikin tsananin sanyi, saboda haka watannin ɗumi kawai ake zubawa, shi ya sa suke aiki ba dare ba rana in lokacin ya zo. Ginin da ma'aikata suka kwana a ciki yana nan, an mai da shi masaukin baƙi. Abin da ya fi ba ni mamaki ba ya ganuwa daga waje: ramuka kimanin kilomita 100 a cikin duwatsu da ke tattaro narkakken ruwan ƙanƙara daga kwaruruka daban-daban, wani wurin har sai an tura ruwan sama da famfo kafin ya shiga tafkin.

Kuma ba su daina ba. A 2022 suka buɗe Nant de Drance, megawat 900, ɗakin injinanta yana mita 600 a cikin dutse, an yi shekara 14 ana gini. Ita tafki biyu gare ta, na sama da na ƙasa. In wuta ta yi yawa a layi sai a tura ruwa sama, in ana buƙata a sako shi. Kamar rumbu ne, amma na wuta.

Usman_Direba: To ka ga su ma ba su yarda da hanyar mota ba. Na gode da ka tabbatar da maganata.

Abba_Sola: Ni fa ina ganin zamanin manyan madatsu ya wuce. Kuɗin aikin Mambila da aka sa hannu a kai a 2017, dala biliyan 5.8, in aka zuba shi a sola a Katsina da Jigawa da Yobe, cikin shekara biyu za a ga wuta. Ba tashin ƙauye, ba ramin dutse, ba jiran kowa. Rana ce Allah ya ba mu kyauta.

Injiniya_Bashir: Abba, da ƙarfe takwas na dare fa, lokacin da kowa ya dawo gida ya kunna fanka? Sola da ruwa ba kishiyoyi ba ne. Ka sake karanta abin da Nura ya rubuta game da rumbun nan. Tashar kan dutse cikin 'yan mintoci take tashi daga tsaye zuwa cikakken ƙarfi. Da rana sola ta yi aiki a adana ruwa, da dare a buɗe. Ƙasar da ke son sola mai yawa ita ta fi kowa buƙatar tafki a sama.

Abba_Sola: Batir ma yana yin wannan aikin, kuma kullum farashinsa sauka yake.

Injiniya_Bashir: Yana yi na awanni. Tafki yana riƙe ruwan Agusta har Maris. Kuma bangon Grande Dixence da aka kammala a 1961 yana aiki har yau.

Jauro_Nguroje: Ku yi haƙuri in dawo da ku ƙasa. Kuna ta lissafin megawat, ba wanda ya tambayi inda ruwan zai kwanta. Madatsu huɗu aka ambata, Nya da Sumsum da Nghu da Api. Kwarin da za a cika, nan ne manomi ke shuka masara, nan ne muke sauko da shanu da rani in ciyawar tudu ta bushe. Duk wanda ya san Mambila ya san ƙasa ita ce abin da ya fi komai zafi tsakanin makiyayi da manomi, an zubar da jini a kanta, ba ma fatan a maimaita. An taɓa zuwa aka auna gonar ƙanin mahaifina, aka rubuta sunansa, aka ƙirga bishiyoyinsa, aka ce kada ya yi sabon gini. Ya rasu bai ga diyya ba, bai ga aiki ba, bai kuma gina ɗakin da yake so ya gina wa ɗansa ba. Ni ba na ƙin wuta. Amma a gaya mana inda za mu koma kafin a kawo inji.

Hafsat_Tarihi: Allah ya jiƙansa, Jauro. Wannan ita ce maganar mutanen Vajont tun kafin dutsen ya zame: an karɓi gonakinsu na kwari da arha, aka bar su da gangare.

Maman_Ilham: Allah ya gafarta masa. Ni abin da ya tsorata ni shi ne labarin ƙanƙarar nan. Mambila ai ita ce dutse mafi tsayi a Najeriya, irin haka ba zai faru ba?

Ɗan_Gembu: Hajiya, ƙololuwa mafi tsayi ita ce Chappal Waddi, wadda ake kira Gangirwal, mita 2,419, tana kan iyaka da Kamaru ta wajen Gashaka. Kuma ko can babu ƙanƙara mai daskarewa. Sanyi dai akwai shi, sai ka sha shayi uku kafin ka iya alwala da asuba.

Dakta_Rabi: Barazanar ƙanƙara ta mutanen Himalaya ce, kuma a yanzu take ƙaruwa saboda ɗumamar yanayi. Ranar 7 ga Fabrairu 2021, a Chamoli ta jihar Uttarakhand a Indiya, dutse da ƙanƙara suka ɓallo daga sama suka zama laka mai gudu, ta share ƙaramar tashar Rishiganga, ta cika ramin tashar Tapovan da ake kan ginawa, ma'aikata suna ciki. Fiye da mutum 200 suka mutu ko suka ɓace. A Oktoban 2023 kuma tafkin ƙanƙara na South Lhonak a Sikkim ya fashe da dare, ya tafi da madatsar Teesta ta uku mai megawat 1,200. Saboda haka kada mu ɗauka mutuwa a wannan aiki labarin da ne kawai. Namu haɗarin daban ne: ruwan sama mai yawa, zaftarewar ƙasa, da laka. Tuddan Mambila da yawa sun zama tsirara saboda kiwo da sare itace. Duk ƙasar da ruwa ya wanke cikin tafkin za ta kwanta, kuma yashi in ya shiga bututu da irin wancan matsin, yana cin ƙarfen injin kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi.

Jauro_Nguroje: Dakta, kada a ɗora wa shanu laifin duka. Ku zo ku ga yadda aka cika bakin rafuka da bishiyar turare, tana shanye ruwa.

Dakta_Rabi: Na karɓi gyara, Jauro. Kowa yana da hannu, kuma gyaran ma sai da kowa.

Kabiru_Lauya: Mu koma tambayar farko, domin amsarta a takarda take, ba a dutse ba. An ba da kwangila a 2003 ga wani kamfanin cikin gida mai suna Sunrise. Daga baya gwamnati ta ba kamfanonin Sin, aka sa hannu a 2017 da Gezhouba da Sinohydro da CGCOC, bisa tsarin bankin Exim na Sin ya kawo kashi 85, Najeriya ta kawo 15. Kamfanin farko ya kai ƙara kotun sasanta rikicin kasuwanci ta duniya da ke Faris. Babu bankin da zai saki biliyoyin daloli a kan aikin da ake shari'a a kansa. Har tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Obasanjo da Buhari, sai da suka je Faris ba da shaida a Janairun 2025. A tsakiyar haka kuma aka yi maganar rage girman aikin zuwa rabi, wajen megawat 1,500. Ba a kai ga fafata wa da dutsen ba tukuna, balle a ce ya gagara.

Sani_Kofar_Mata: To ai maganata ta farko ke nan da Injiniya ya ce in dakata.

Usman_Direba: Ko yau aka gama shari'a, Malam Sani, hanyar tana nan tana jiran ku. Ga kuma layin da zai ɗauko wutar, an ce kimanin kilomita 700 ne.

Tijjani_Addis: Ina aiki a Habasha, bari in ba ku misalin Afirka don kada a ce sai Bature. Tashar Gilgel Gibe ta biyu ba ta da wata babbar madatsa. Ruwan da ya fito daga tasha ta farko aka karɓa, aka huda dutse kilomita 26, aka sako shi daga tsayin wajen mita 500 zuwa kogin Omo, megawat 420. An buɗe ta a Janairun 2010, ba a yi wata guda ba wani sashe na ramin ya rufta, sai da aka shafe kusan shekara ana gyara. Suka gyara, tana aiki. Dutse yana ba da mamaki ko da an yi bincike, amma inda aka ƙudura niyya a kan wuce wurin.

Nura_Zurich: Ko Bieudron da Injiniya ya yaba, bututunta ya fashe a Disambar 2000, mutum uku suka mutu, tashar ta yi kusan shekara goma a rufe. Sin kuma ga shi a Yulin 2025 sun ƙaddamar da aikin kogin Yarlung Tsangpo a Tibet, inda ruwa ke gangarowa mita 2,000 cikin tazarar kilomita 50, a yankin da girgizar ƙasa ba baƙuwa ba ce. Indiya da Bangaladash da ke ƙasan kogin hankalinsu bai kwanta ba.

Baba_Audu_Bukuru: Ni da za a ji tawa, da an fara da ƙanana irin na Kurra da na Kakara. Kowane rafi da ke zubowa daga Mambila a sa masa injinsa, Gembu da Nguroje da Maisamari su ga haske tukuna. Babbar in Allah ya kawo lokacinta ta zo ta tarar da mutanen da suka riga suka iya aikin.

Injiniya_Bashir: Baba, ƙananan za su haska ƙaramar hukumar Sardauna, amma ba za su tada masaƙun Kano da Kaduna ba. Duka biyun ake buƙata.

Ɗan_Gembu: Na gode muku duka. Injiniya, akwai wani rafi bayan ƙauyenmu da ke zubowa daga kan dutse, ko da rani ba ya ƙafewa. In na auna tsayin faɗuwarsa, yaya zan auna yawan ruwan? Durom da agogo sun isa, ko sai an zo da na'ura?

Injiniya_Bashir: In ƙarami ne durom ya isa. Ka tare shi ya bi ta bututu ɗaya, ka ga daƙiƙa nawa yake cika durom mai lita 200, ka maimaita sau biyar. Amma a watan Maris za ka auna, lokacin da ruwan ya fi ƙaranci. Ka turo mini lambobin da hoton gangaren.